Bangon Ɗakin Inna

Akwai labarin da ake bayarwa a danginmu duk lokacin da aka taru, kuma na san ku ma kun sha ba da shi, wai babanku ya gina wa kakarku ɗakin ƙasa ya ruguje tun ba a yi masa rufi ba. Gwaggonku Zulai ta fi kowa iya faɗarsa, har da kwaikwayon yadda na shigo gida gashina duk ƙura. Shekaru ke nan ana dariyar ina taya ku, don ni na fara faɗar haka da bakina. To yau zan gyara. Bangon nan bai faɗi ba, ni na sa diga na rushe shi, kuma ina so ku ji dalili tun ina da bakin faɗa. Da gangan na rubuta da Hausa. Wanda ta yi wa nauyi ya kai wa Ummanku ta karanta masa, ko ba komai ta samu mai zama kusa da ita ba waya a hannu.

Abin ya faru ne a shekarar da aka tashi unguwarmu, wadda ita ce kuma shekarar da na ajiye aiki a tashar jiragen ruwa ta Jidda, bayan shekara talatin da ɗoriya ina tuƙa injin ɗaga kaya. Tsohon gidanmu kun san shi, a cikinsa kuka yi rarrafe dukkanku. Ba wani gida ba ne, bulo ne da kwano, amma yana da tsakar gida, kuma a tsakar gidan nan Inna ta yi rayuwarta. Nan take shanya kuɓewa, nan take karɓar baƙi, nan take yi wa kowa faɗa. Da muka kwashe kaya muka koma hawa na huɗu a wani bene a unguwar Sharafiyya, kowa ya yi ƙorafinsa na mako biyu ya saba. Inna ce kaɗai ba ta yi ƙorafi ba, kuma wannan shi ya fara tsorata ni, don mace ce da ba a taɓa miƙa mata shayi ta rasa abin kushewa ba. Sau ɗaya ta shiga lif, ranar da muka tare, ta ce ba za ta ƙara shiga akwatin da ba shi da taga ba. Matakala kuwa ƙafafunta ba za su iya ba. Haka ta zauna a sama wata biyar, tana kallon bangon benen da ke gabanmu.

Sai ƙafafun suka fara kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya in ta kwanta. Likitan da muka kawo ya duba ta ya rubuta magani, da na rako shi bakin lif sai ya rage murya ya ce zuciyar ta gaji, mu faranta mata rai, magana ce ta watanni, Allah ne masani. Ni mutum ne mai fargaba tun asali, Ummanku takan ce in babu abin damuwa sai na fita na aro. Daga ranar nan ban ƙara shiga ɗakin Inna ba sai na tsaya a ƙofa na saurari numfashinta tukuna.

Wata rana bayan la'asar ina matsa mata ƙafa, sai ta ce:

"Auta, gonar nan taka ta tumaki, akwai ƙasa?"

Ina da shekara sittin da biyu a lokacin, da furfura har a gira, amma Auta nake a wurinta. Gonar kuwa wani ɗan fili ne da na saya tuntuni a gabashin gari, tafiyar kusan awa guda a mota, ina ajiye 'yan tumaki.

Na ce, "Inna, ai ba komai a wurin sai ƙasa."

Ta ce, "Ba rairayi nake tambayarka ba. Ka yi mini ɗaki ɗaya a can, na ƙasa, ba na bulo ba. Ba na so mutuwa ta zo ta same ni a rataye a nan sama kamar kayan shanya."

Ku kun san ta ne a matsayin Sitti, kakarku mai ba ku alewa a ɓoye, ba ku san daga inda wannan maganar ta fito ba. Mahaifinta magini ne daga ƙasar Katsina. A ƙasa suka taho aikin hajji, shekara huɗu suna hanya, duk garin da guzuri ya ƙare sai ya tsaya ya yi gini, ita kuma tana 'yar shekara tara tana taka masa laka. Tunda suka haye teku ba ta ƙara taɓa laka ba, amma ashe ba abin da ta manta. Ni kuwa a Jidda aka haife ni, ban taɓa ɗora ko bulo ɗaya a kan wani ba. Na ce mata to, don ban taɓa sanin wata amsa ba in ta yi magana. Da na fito falo sai da na zauna.

Da Yaya Zulai ta ji, a ranar ta taso daga unguwarsu ta Bagdadiyya, ko abayarta ba ta cire ba ta tare ni.

"Kai Auta, wallah da ka ajiye aiki har hankalinka ka miƙa musu? Tsohuwa mai ciwon zuciya za ka kai jeji ka sa a ɗakin laka? Ina mustashfa in ciwo ya tashi, ina mukayyif mai sanyaya mata ɗaki? Ka taɓa gina ko akurkin kaji?"

Na ce, "Yaya, ita ta ce."

Ta ce, "Ita ta ce! Halas, shi ke nan, tunda ita ta ce. In wani abu ya same ta, kai za ka amsa."

Wannan maganar ta ƙarshe ta bi ni har gona, kuma ba ta sake ni ba har aka gama.

Inna ce ta zama shugabar aiki daga hawa na huɗu. Abu na farko, ta ce in nemo ƙasa. Na riƙa yawo da mota ina ɗebo samfuri a robobin nono ina kawo mata. Sai ta ɗiga ruwa, ta murza a tafin hannu ta yi shi kamar igiya, ta lanƙwasa ta ga ko zai karye, sannan ta ɗan sa a haƙori ta ji yawan rairayin. Biyar ta mayar mini, ɗaya ma cewa ta yi in kai wa kyanwa. Ta shida, wata ja da na samo a gefen wani kwari, ta daɗe tana juya ta kafin ta ce wannan ta yi, amma a ƙara mata rairayi kaɗan don kada ta tsage. Na nemi izini inda ake nema, na sa aka kawo ƙasar mota uku. Na sayo busasshiyar ciyawa a kasuwar dabbobi, na tara kashin jakuna, abin da ban taɓa zaton zan yi da tsufana ba. Ta ce tushen ya zama na dutse har gwiwa, aka yi. A kwanakin nan ne muka zo kan maganar ruwa, kuma ina so ku karanta nan a hankali.

Ta ce, "Da wane ruwa za ka kwaɓa?"

Na ce, "Wayit zan kira, Inna, motar ruwa, tanka ɗaya ta isa mako."

Ta ce, "Ruwan tekun nan da ake wankewa da inji? Ba shi da rai. Ba rijiya a gonar?"

Na ce, "Akwai, amma da ɗan zartsi. Tumakin ma ba sa son sa."

Ta ce, "Ai bango ba sha zai yi ba. Babana bai taɓa kwaɓa da wani ruwa ba sai na rijiya, har mai zartsin."

Gaskiya ta faɗa a kan abin da ta sani. Sai dai zartsin rijiyoyin da ta sani tana yarinya daban, namu na nan kusa da teku daban, namu gishiri ne sosai. Ni ne na san ɗanɗanon rijiyar nan, kuma ni na ce "ɗan zartsi". Ban ja maganar ba don ta yi mini daɗi. Rijiya tana nan a gefena, ba sai na jira mai tanka ya ga damar zuwa ba, kuma ni a lokacin duk abin da zai rage mini kwana ɗaya ina so.

Ginin ƙasa ba ya son mai gaggawa, ni kuwa ba abin da nake da shi sai gaggawa. Za ka zuba ƙasa ka jiƙa, ka watsa ciyawa ka shiga da ƙafa ka yi ta takawa har sai ta kama, sannan ka rufe ta ka bar ta kwana huɗu ta ruɓa. Bayan nan ka dunƙula curi-curi ka jera a kan tushe kana dannawa da hannu, ka zagaye ɗakin tsawon kamu ɗaya, ka tsaya. Ba za ka ƙara ba sai wannan zagayen ya bushe. Nakan ɗauko leburori biyu ranar ɗaga nauyi, amma takun da ƙafata na yi shi, don Inna ta ce wanda bai taka ba ba zai san lakar ta nuna ba. Bayan sallar asuba nake fita, in dawo kafin magariba in zauna gabanta in nuna mata hotuna a waya. Sai ta sa tabarau ta yi ta bincike. Nan ya karkace, can ya yi kauri, wane ne ya koya maka yin kusurwa haka. Ranar da ta kira ni ragon magini ta cinye tuwonta tas, Ummanku ta ja ni kicin tana share ido ta ce Inna ta dawo. Har Yaya Zulai ta sauko, ta zo tana tambayar faɗin taga wai za ta ɗinka labule. Inna ta yanke cewa a ɗakinta za ta yi azumin bana, saura wata uku ke nan.

A zagaye na uku na fara lura bangon ba ya bushewa. Inna ta ce kwana biyu ko uku ya isa, ni sai in yi shida in taɓa in ji sanyi. Na ɗora wa iskar Jidda laifi, kun san yadda take, mutum ya fito wanka ya rasa ko ya goge jiki ko bai goge ba. Sai na daina jira, na riƙa ɗorawa haka nan. Bayan 'yan kwanaki na zo da safe na tarar da wani farin abu ya fito a gindin bango, kamar an barbaɗa gari. Na share. Washegari ya dawo, ya fi na jiya. Abin da zan faɗa yanzu shi ne na fi jin kunyarsa: kullum kafin in ɗauki hoton da zan kai wa Inna, sai na bi gindin bangon da tsintsiya. Na san akwai abin da ba daidai ba, ban san ko mene ne ba, kuma ba na so in sani. In ina tuƙi zuwa gona sai in yi ta addu'a Allah ya sa yau in tarar babu, in na tarar da shi kuma sai in ce ai na yau bai kai na jiya ba. A haka na kai bango har saman ƙofa.

Sai aka kawo itacen rufi, gangar dabino tsagaggu guda tara. Ƙasa ban san ta ba, amma nauyi na sani, shekara talatin ina ɗaga shi ina saukewa. Da na kama bakin ɗaya na ji shi a kafaɗata, sai na lissafa shi sau tara, na ƙara ƙasar da za a zuba a sama. Na juya na dubi bangon. Na je kusurwar gabas na tsuguna na danna babban yatsana a ƙasa-ƙasa, daidai inda laka ta haɗu da dutse. Yatsan ya shige har gaɓa, a bangon da ya yi wata biyu da ginawa.

Akwai wani dattijo da muke sallah tare a masallacin layinmu, Usta Bello, Bahaushen Sudan ne, yana gyaran kujeru a nan Sharafiyya. Na taɓa jin ya ce da ƙuruciyarsa ginin laka ya yi a can. Na roƙe shi ya raka ni gona, ban gaya wa kowa ba. Ya zagaya ɗakin sau biyu. Ya kankare farin abin da farce, ya duba tulin ƙasar da ta rage ya gyaɗa kai, sannan ya wuce bakin rijiya ya ɗebi ruwa ya kurkure baki ya tofar.

Ya ce, "Ya hajj, wa zai kwana a nan?"

Na ce, "Mahaifiyata."

Ya ce, "La, la, ba zai yiwu ba. Ƙasarka mai kyau ce, wanda ya zaɓe ta ya san aiki. Ruwan ne ya kashe ta. Gishiri yana shan ruwa daga iska, a garin nan kuma iska kullum jiƙe take. Bangon nan ba zai taɓa bushewa ba, daga ƙasa zai riƙa cin kansa."

Na ce, "In na yaɓe shi da siminti fa?"

Ya ce, "Ka ɓoye wa idonka ke nan. Ciki zai ci gaba da ruɓewa, ba ka gani."

Na tambaye shi in aka ɗora rufi zai kai yaushe. Ya ɗaga kafaɗa ya ce wataƙila shekara, wataƙila biyu, wataƙila kuma ruwan sama na farko ya zaunar da shi, kuma kowa ya san ruwan Jidda ba ya sallama. Gyara babu, ko lakar ba za a sake amfani da ita ba. Sabuwar ƙasa, ruwan tanka, wata huɗu in an yi yadda ya kamata. Na mayar da shi shagonsa, na roƙe shi maganar ta tsaya tsakaninmu, kuma har ya koma ga Allah bai faɗa wa kowa ba.

Kwana uku na yi ina zuwa gona ba na taɓa komai. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba tunanin rushewa nake ba. Kalmar "wataƙila shekara" nake juyawa. Likita ya ce watanni, Usta ya ce shekara. In na yi rufi a mako biyu, Inna za ta shiga ɗakinta ta yi azuminta, kuma mai yiwuwa ta riga bangon tafiya, ba wanda zai taɓa sani. Ni ɗanta, na zauna a inuwar mota ina auna kwanakin uwata da kwanakin bango, ina fatan nata su fi gajarta. Da na gane abin da nake fata ke nan, sai da na tashi na yi alwala. Amma tunanin bai tafi ba, don ɗaya gefen ma ba daɗi. In na rushe, na san kusan tabbas na hana ta abu ɗaya da ta taɓa roƙona a duniya.

A safiya ta huɗu na sa leburori suka ɗora itace ɗaya a kan bango, wai in gani, sannan na sallame su. Na shiga ciki na kwanta a ƙasa daidai inda muka ce gadonta zai zauna, kaina a gabas. Na dubi itacen nan a samana. Ƙasa tana ɗan zubowa daga inda ya danne bangon, kaɗan-kaɗan, tana sauka a kan rigata. Na tuna Inna ba ta iya tashi daga kwance sai an kama ta. Ban yi wani dogon tunani ba bayan nan. Na tashi na ture itacen, na ɗauko diga na fara daga kusurwar gabas. Abin da na gina a wata biyu da rabi, kafin azahar ya zama tuli, kuma bai ba ni wahala ba ko kaɗan. Wannan sauƙin ya sa na zauna a kan tulin na yi kuka.

A hanyar dawowa na shirya ƙaryar. In na ce na rushe, za a ce don me. In na ce ruwa ne, kowa a gidan ya ji lokacin da Inna ta ce a yi da na rijiya, kuma Yaya Zulai ba ta iya riƙe magana ba. Ban ga yadda zan bar tsohuwar nan ta kwanta tana tunanin da bakinta ta rushe ɗakinta ba, alhali ni na rage mata gaskiyar rijiyar. Sai na shiga da ƙurata na ce bango ya faɗi, na yi gaggawa na ɗora a kan ɗanye. Yaya Zulai tana nan, da labulen a cinyarta.

Ta ce, "Ban faɗa ba? Ya Rabbi, da tana ciki fa? Direban inji wai shi magini!"

Inna ta dube ni daga sama har ƙasa, ta daɗe, sannan ta ce a ba ni ruwa in yi wanka.

Na sake farawa washegari, da sabuwar ƙasa da ruwan tanka. Wannan karon zagaye yakan bushe a kwana huɗu, in ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa. Na so in yi murna, amma kowane kwana huɗun nan a jikin Inna nake ganinsa. Ta daina neman hotuna. In na nuna mata sai ta ce ya yi, ba gyara ba kushe. Tuwon ya koma cokali biyu. Azumi ya zo ya same ta a hawa na huɗu, ba ta ma iya yin sa ba. Sau nawa ina tsaye gaban ɗanyen zagaye da curi a hannuna, zuciyata na cewa ɗora kawai, sai in ajiye in koma mota in zauna.

Bayan sallah da mako guda, bango ya kai ƙirjina, sai ta ce a kai ta ta gani. Yaya Zulai ta ce ba inda za a je da ita, Inna ta dube ta sau ɗaya, maganar ta mutu. Faisal da Hamza, ku kuka sauko da ita a kan kujera hawa huɗu, kun tuna. Kun tuna kuma da muka isa ta ce a ajiye ta a cikin ɗakin, kowa ya koma wajen tumaki, ni in tsaya. Kun sha tambayata abin da ta ce, ina ce muku addu'a ta yi. Ta yi addu'a, amma daga baya.

Da farko ta miƙa hannu ta shafa bangon, ta ƙwanƙwasa shi da zobenta. Ta ce wannan ya bushe. Sannan ta ce in cire takalmi. Na cire, ban san dalili ba. Ta ce in ɗaga ƙafa ta ga diddigena.

Ta ce, "Ta warke."

Na ce, "Me, Inna?"

Ta ce, "Wancan karon kana shigowa kana ɗingishi, diddigenka duk ya tsage, bakin tsagar fari fat. Laka mai kyau ba ta cin ƙafa, Auta, laushi take sa ta. Shekara huɗu na taka, na sani. Tun mako na biyu na gane ruwan nan ne."

Da ƙyar na ce, "To me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "Kai me ya sa kake share gindin bango kafin ka ɗauki hoto? Ana ganin sawun tsintsiya."

Ta ɗan huta, don magana tana cin numfashinta, sannan ta ce ita ma ta yi lissafinta. Ta san in ta ce a sake, ba za ta ga ƙarshensa ba, sai ta ce a ranta bari ta yi shiru, wataƙila ya riƙe har ta gama da shi. Ta ce ba ta taɓa ɓoye wa magini aibin bango ba sai a kan ɗanta.

Ta ce, "Bai faɗi ba, ko?"

Na ce, "Ni na rushe shi, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Na sani. Irin wannan ba ya faɗuwa babu rufi a kansa." Ta sake shafa bangon. "Da ba ka rushe ba, da na shiga. Da na shiga na kwanta, ban ce maka komai ba."

Ban san ko godiya take yi mini ba ko ƙorafi, kuma ban tambaya ba. Ta ce kada in gaya wa Zulai, ta bar mata abin dariyarta. Sannan ta ɗaga hannu ta yi mini addu'a, ta ce in kira ku, rana ta fara zafi.

Kwana goma sha tara bayan nan ta rasu, da hantsi, a gadonta na hawa na huɗu, ina riƙe da ƙafarta. Na ƙarasa ɗakin bayan wata biyu don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Shi ne wanda 'ya'yanku ke shiga suna cewa akwai sanyi kamar an kunna mukayyif. Ba ta kwana a cikinsa ko sau ɗaya ba.

Saura abu ɗaya, wanda ko Ummanku ban taɓa gaya wa ba. Ina lura da sama a shekarar nan, kullum. Ba a yi ruwa a Jidda ba, ko yayyafi, sai bayan rasuwarta da wata biyar. Da na ɗora rufi a kan bangon farko, da ya riƙe, da ta yi azuminta a ciki ta samu kusan wata biyu a ɗakinta. Ranar da ruwan ya sauko ina gona. Na tsaya a ƙofa ina kallon tsohon tulin yana narkewa yana bin gangare, na lissafa watannin a yatsuna, na sake lissafawa, amsar ba ta canja ba.